Masu Wayar Iska da Masu Gammo: Samarin da Aka Sauke Daga Sama a Dajin Bama

A ƙasar Holan, a gefen wani gari da ake kira Oosterbeek, dab da birnin Arnhem, akwai maƙabartar sojojin Ingila da abokan ƙawancensu wadda ta ƙunshi kaburbura fiye da 1,700, kuma tun ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu mutanen garin suka ɗora wa kansu wata al'ada da ba su fasa ba har yau, watau kowace shekara idan watan Satumba ya kama sai a fito da 'yan makaranta, a tsayar da kowane yaro gaban kabari guda, ya ajiye wa mai shi furanni. Galibin waɗanda ke kwance a wurin sojojin laima ne da na jiragen nan marasa inji da ake ja da igiya, waɗanda aka fara saukewa ran 17 ga Satumba 1944 domin su kama gadar kogin Rhine. Su kimanin 10,000 aka sauke, aka kwana tara ana ba-ta-kashi, kimanin 2,400 ne kawai suka sake ƙetare kogin. Daga cikin mamatan akwai samarin sashen sigina, masu wayar iska, waɗanda na'urorinsu suka kasa ratsa daji da gine-gine da nisan da ke tsakanin filin sauka da gada, har masu tarihi suka daɗe suna lissafa wannan gazawa cikin sabubban asarar. Duk da haka, wanda ya tsaya gaban kabarin ɗayansu zai karanta sunansa da na gidansu, da lambarsa, da muƙaminsa, da ranar da ajalinsa ya sauka, sau da yawa har da shekarunsa da 'yan kalmomin da iyayensa suka zaɓa a sassaƙa masa.

Dalilin da ya sa na kawo wannan labari na nesa ga mai karatu na Dutsi da Daura shi ne, wata biyar ko shida kafin a sauke waɗancan samari a Holan, an riga an sauke 'ya'yan ƙasar nan daga sama a bayan dagar Japan, cikin dajin Bama, ƙarƙashin tuta guda da su, bisa umurnin sarki guda, kuma rayuwarsu duka ta rataya ne a kan irin wannan akwatin waya. Bataliya uku ce ta Rundunar Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, waɗanda aka haɗa aka kira Birget ta 3 ta Afirka ta Yamma.

A zamanin da ake wannan magana ƙasar Katsina da ta Daura lardi guda ne, Sarkin Daura Abdurrahman na bisa gadon da ya hau tun 1911, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko kuwa yana cikin shekarunsa na ƙarshe. Yaƙin Hitila bai kasance labarin nesa ga mutanen wannan yanki ba, domin bayan Faransa ta faɗi a 1940 Turawan da ke mulkin Nijar sun bi gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har ƙarshen 1942, saboda haka iyakar nan ta Zango da Kwangwalam, wadda fatake da masu zumunci suka saba ƙetarewa zuwa Damagaram ba tare da wani tunani ba, ta koma iyaka tsakanin ɓangarori biyu masu zaman doya da manja. Jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi suna ya da zango a Kano da Maiduguri kan hanyarsu ta zuwa Hartum da Masar, ana matsa wa manomi ya ƙara noman gyaɗa, ana ɗibar mutane tilas zuwa haƙar kuza a Jos, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin Janairun 1939 Malam Abubakar Imam yana editanta, ita ke kai labarin fagen fama zauren hakimi, inda mai boko guda zai karanta wa jama'a. Ɗibar soja ma ta hanyar da haraji ke bi ta bi: daga Razdan zuwa sarki, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci. Wani saurayi ya tafi da ƙafarsa saboda sule guda a yini da kaki da takalmi, wani ya gudu daga fushin uba ko nauyin bashi, wani kuwa dagaci ne aka yanka wa adadi, ya duba wanda ba shi da mai tsaya masa ya miƙa. Kafin yaƙin ya ƙare, 'yan Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka yi aiki a fagen Bama, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya.

A 1943 aka kafa Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ƙarƙashin Janar Woolner, aka zaɓa mata tambarin baƙin gizo-gizo a kan rawaya, wanda asalinsa Ananse ne na tatsuniyoyin Asante, ko da yake babu shakka Bahaushen soja da ya dubi kafaɗarsa Gizo mijin Ƙoƙi ya gani. Ƙanwarta, Runduna ta 82, tambarinta māsu biyu ne gicciye a kan gammo. Aka zuba su a jiragen ruwa, suka kewaya ta ƙarshen kudancin Afirka har Bombai, kuma a can Indiya ne aka cire birget ɗin Nijeriya daga uwar rundunarta aka ba da ita ga wani Bature mai baƙin taurin kai da ake kira Janar Orde Wingate, mai rundunar da aka sani da Chindit.

Ra'ayin Wingate, a taƙaice, shi ne cewa tun da Allah ya kawo jirgin sama da wayar iska, mayaƙi ba ya bukatar hanyar mota a bayansa: a sauke shi tsakiyar ƙasar abokan gāba, ya yanke musu layin dogo da hanyoyin abinci, abin da zai ci da abin da zai harba kuwa su zo masa daga sama duk sa'ad da ya kira. Da daren 5 ga Maris 1944 jiragen farko marasa inji suka tashi daga Assam, sojojin sama na Amurka na jan su, suka sauka a wani fili cikin daji da aka laƙaba wa Broadway, bayan da hoton da aka ɗauko daga sama a ranar ya nuna cewa ɗaya filin, Piccadilly, an shimfiɗe shi da gungumen itatuwa. Jirage da dama sun tarwatse wajen sauka, mutane sun mutu, amma kafin dare na biyu an gyara fili har jiragen Dakota na sauka. 'Yan Nijeriya daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu aka kai su, ta wani sansani da ake ce wa Aberdeen. Shi Wingate bai ga ƙarshen abin da ya fara ba, domin ran 24 ga Maris jirginsa ya faɗi a duwatsun Manipur, ba wanda ya tsira.

Aikin mai waya shi ne ginshiƙin wannan dabara duka, kuma shi ne mafi ƙarancin ambato. An raba kowace bataliya ayari biyu, kowane ayari mutum kimanin 400 da alfadarai masu ɗaukar kaya, waɗanda likitocin dabbobi suka yi wa aiki a maƙogwaro don kada kukansu ya tona asirin zango. Akwatin waya da baturansa da ɗan injin fetur mai caja su nauyin alfadarai ne. Idan ayari ya ya da zango bayan yinin tafiya, sauran soja su sauke jaka su nemi wurin kishingiɗa, mai waya kuwa sa'an nan nasa aikin ke farawa: a sauke akwati, a rataya igiyar eriya a reshen itace, a mai da saƙon kwamanda haruffan sirri, sa'an nan ya zauna yana ƙwanƙwasa shi da bugun tangaraho zuwa hedkwata a Indiya, cikin ƙarar iska da tsawar damina da ke cinye sauti, har ya tabbata an ji shi. Cikin saƙon nan ne ake neman guzurin kwana biyar, da harsashi, da takalma, da ƙwayar maganin zazzaɓi wadda ke mai da fatar Bature rawaya, da abincin alfadarai. Cikinsa ne ake faɗin inda za a hura wuta da dare don matuƙin Dakota ya san inda zai saki laimomi. Ta hanyarsa ne ake kiran ƙaramin jirgi ya ɗauki wanda aka harba, ko jiragen yaƙi su zubo wuta kan tudun da Japanawa suka haƙe. Kuskuren harafi guda na iya sa abincin mutum 400 ya faɗa hannun abokan gāba. Ayarin da wayarsa ta mutu kuwa ya zama makahon da ɗan jagoransa ya gudu ya bar shi tsakiyar kasuwa.

To, su wane ne masu wayar? Hafsoshinsu da da yawa daga masu bugun Turawa ne na sashen sigina da na sojan sama, samari sa'o'in waɗancan na Arnhem. 'Yan Afirkan da aka koya wa sana'ar kuwa galibinsu 'yan Kudu ne, domin aikin na bukatar boko da Turanci, alhali yaron Dutsi ko Sandamu ko Mai'aduwa, ko da ya sauke Alƙur'ani yana rubuta wasiƙa da ajami, a daftarin soja jahili ake rubuta shi. 'Yan ƙalilan ɗin da suka fito Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, En'e na bukatarsu a ofis da aji. Marubucin nan Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ɗan wani tsohon sojan sigina ne na Bama, kuma littafinsa Burma Boy na 2007 labarin wani yaro Bahaushe ne da ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga Chindit. Rabon ɗan Arewa a sha'anin waya shi ne jan alfadari a kan santsi, da tsaron wurin da ake bugu, da kai takarda da ƙafa idan na'ura ta ƙi. A kwarin kogin Kaladan kuwa, inda sauran Runduna ta 81 ta yi yaƙi ita ma da abinci daga sama, bayan ta sare hanyar jif mai tsawon mil 75 cikin duwatsu, a kan mutane aka ɗora akwatunan waya da batura, sojoji ne masu lamba da kaki amma makaminsu gammo da adda. Ni a ganina, malaman hadisi sun riga mu warware wannan mas'ala, tun da ba su taɓa yarda a ambaci mai riwaya na ƙarshe a shafe waɗanda suka ɗauko masa ba. Saƙon da ya isa Indiya isnadinsa ya haɗa da wuyan da ya ɗauki batir.

Babban fagen 'yan Nijeriya shi ne White City, wani sansani da Birgediya Calvert ya kafa a kan layin dogo da hanyar mota kusa da Mawlu, ya toshe wa Japanawan arewacin Bama hanyar guzuri. Daga 6 ga Afrilu Japanawa suka yi ta afka masa dare bayan dare, da igwa da rana, da kutsawa cikin wayar ƙaya da dare, har gawawwakinsu suka hana numfashi, ba su kuwa karɓe shi ba. Da aka bar wurin cikin Mayu, bisa umurni aka bar shi. Abin da ya biyo baya ya fi yaƙin kansa cin rai, domin damina ta sauka, gizagizai sun hana jirage ganin wuta, zazzaɓin cizon sauro da atuni da ruɓewar ƙafa suka kama mutane, har sai da aka kawo jiragen da ke sauka kan ruwa suka kwashe ɗaruruwan majinyata daga tafkin Indawgyi. Cikin Agusta aka fitar da na ƙarshe. Lissafin rundunar Chindit na 1944 ya nuna an kashe 1,396, an raunata 2,434, ban da waɗanda cuta ta kassara.

A cikin wannan yaƙi ne wani saurayi Bature, Kyaftin Michael Allmand, ɗan shekara 20 wanda ya bar karatu a Jami'ar Oxford, ya jagoranci sojojin Gurka a harin Mogaung, ƙafafunsa sun ruɓe da ruwa har da ƙyar yake takawa, ya tasam ma bindigar Japanawa mai sarrafa kanta ran 23 ga Yuni 1944, aka harbe shi, ya cika ba da jimawa ba, aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumtaka mafi girma ta Ingila. Labarin Laftanan George Cairns ya fi wannan koya mana yadda tunawa ke aiki. Shi ya faɗi ne cikin Maris a tudun da aka kafa White City kusa da shi, bayan wani hafsan Japan ya sare masa hannu da takobi, ya kashe hafsan, ya ɗauki takobin ya ci gaba da faɗa. Takardar neman a ba shi lamba tana cikin jirgin Wingate, ta ƙone tare da shi, magana ta kwanta. Sai da matarsa ta ji labarin a rediyo bayan yaƙi, ta bi ta hannun ɗan majalisar mazaɓarta, aka sake tattara shaidu, sa'an nan aka ba shi lambar a 1949. Ashe ko ga Bature jarumtaka ba ta isa ita kaɗai, sai da takarda, da shaidu, da wani a gida wanda ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Babu sojan Afirka ta Yamma ko guda da aka ba Victoria Cross a wannan yaƙi, ko da yake an ba su lambobin da ke ƙasa da ita. Mafi shahara cikin masu lambar shi ne Samanja Chari Maigumeri, wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa.

Allmand da Cairns duka suna kwance a maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Rangun, kuma a tsakiyarta akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kimanin 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da na Rundunar Nijeriya. Adalci ya wajabta a faɗi cewa an rubuta su. Ba kamar Yaƙin Duniya na Farko ba, wanda hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel ta amsa da bakinta a rahoton Afrilun 2021 cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka da Masar, ba a ambace su da suna ba, har ministan tsaron Ingila ya nemi gafara a majalisa. Illar da ke cikin rubutun namu ta wata fuska ce. Magatakardan bariki ba ya tambayar nasaba. Sunan yanka yake rubutawa ya liƙa masa sunan gari, kuma ba ƙauyen mutum ba, babban garin da Bature ya sani. Saboda haka saurayin da ya fito daga Dutsi ko Shargalle, da wuya ya shiga daftari face a matsayin wane Katsina ko wane Daura, ba uba, ba kaka, ba unguwa, sau da yawa ba shekaru. Wanda ya gudo daga gida kuwa yakan ba da sunan da ba nasa ba don kada a biyo sawunsa. Ƙasar da ta riƙe jerin magajiyoyinta tun kafin Daurama, ta riƙe labarin rijiyar Kusugu da na Bayajida ƙarni bayan ƙarni a bakin maroƙa da masu tarihi, 'ya'yanta talakawa sun shiga littafin wata daula da rabin suna.

Ba al'adarmu ba ce mu kafa dutse a bakin kasuwa mu jera sunayen mamata, kuma ba na kira a ɗauko furannin Holan a kawo mana. Tunawarmu addu'a ce da sadaka da mai da suna ga jariri. Amma kowane ɗaya daga waɗannan yana bukatar yaƙinin mutuwa, kuma yaƙinin nan shi ne abin da gidaje da yawa ba su samu ba. Wanda aka tabbatar ya rasu, labarinsa ya biyo ta Di'o da hakimi da dagaci, a yi zaman makoki ba gawa, matarsa ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Sallar ga'ibi ma malamanmu na Malikiyya ba su saba yin ta ba, suna ganin abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Najjashi keɓantacce ne. Wanda aka ce ya ɓace kuwa, sai ya faɗa babin mafƙudi, inda Risala ta yanka wa matarsa jiran shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara gaban hukuma, sa'an nan idda, dukiyarsa kuma ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Muhtasar ya rarrabe hukuncin bisa inda mutum ya ɓace, ƙasar Musulunci ce ko ta kafirci, fitina ce tsakanin Musulmi ko yaƙi da waɗanda ba Musulmi ba. Fuƙaha'un da suka tsara waɗannan babuka ba su hango Musulmin da zai ɓace cikin yaƙin Ingila da Japan a ƙasar masu bin Buddha ba, kuma alƙalin ƙauye ne aka bari da warware ƙullin, ga yarinya zaune ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba.

Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya gāji mahaifinsa a 1944, ya yi tattaki a farkon sarautarsa har Indiya da Bama ya gai da sojojin, kuma ɗansa Hassan ya shiga soja daga baya ya kai Janar. Rundunar Nijeriya ta yi nata irin tunawar, ta sanya wa barikoki sunaye daga yaƙin Bama: Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Dodan da Arakan da Myohaung da Tamandu a Legas, har mutane suka saba da su suka manta cewa galibinsu garuruwa da koguna ne na Bama. Ranar tunawa da mazan jiya kuwa an ɗauke ta daga 11 ga Nuwamba an mai da ita 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, saboda haka tsofaffin sojojin Bama suka koma baƙi a bikin da aka fara dominsu. Waɗanda suka komo a 1946 suka zama 'yan doka da masinjoji da direbobi da masu gadi, su ne kaɗai suka san wa ya faɗi a ina, wa aka haƙa wa rami da adda aka fuskantar da shi alƙibla bisa kintace. Wanda yake ɗan shekara 18 a 1943 kuwa yau ya haura 100.

Abin da ya rage hanya biyu ce da ba a taɓa haɗa su yadda ya kamata ba. Daftarin hukumar kaburbura yana kan intanet, kyauta, ana neman mutum da suna ko da sunan garin da aka liƙa masa, ya fito da lambarsa da bataliyarsa da ranar rasuwarsa. A gidajen Dutsi da Daura kuwa akwai tsofaffi masu shekara 80 da ɗoriya waɗanda suka san cewa baffansu wane ya tafi Bama bai komo ba, sun san sunan ubansa da shekarar da aka ɗebe shi bisa lissafin fari ko sarautar hakimi. Mahaɗin biyun ita ce lambar soja. Lambar Tauraron Bama da aka raba wa kowa ba a sassaƙa mata suna ba, saboda haka ba ta shaidar kowa. Amma lambar jarumtaka tana ɗauke da lamba da muƙami da suna a gefenta, littafin sallama da takardun fansho na abokan tafiyarsa su ma suna nuna bataliya da shekarar ɗiba, kuma waɗanda aka ɗiba rana guda a wuri guda lambobinsu kan biyo juna.